Duwatsun Iyaka a Murhun Inna Kande

Yamai, 19 ga Mayu, 1985

Zuwa ga ƙanena Ɗan'azumi, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Ramatou da 'yan biyunku. Allah ya raya su, ya shirya mana su, ya sauƙaƙa maka tarin nan da damshin bakin teku ke tayar maka. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Maiɗakina Halimatou ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yarmu Balki kuma ta shiga ajin jarrabawa, tana karatu kamar za ta cinye littafin. Ruwan sama dai shiru har yau. Gulbi ya janye har mutane na ƙetare shi da ƙafa a wasu wurare, abin da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. A ajina yara kan kifa kai a tebur tun kafin hantsi, na daina yi musu faɗa, don na san ba su karya ba.

Takardarka ta iso ta hannun Dauda direba. Abu biyu ka tambaya: ko filinka na Kirkissoye yana nan, da kuma ma'anar kalmomin da ke cikin takardar filin, waɗanda ka ce sun fi ƙarfin faransancinka. Amsar farko gajeriya ce, filinka yana nan. Ta biyun zan yi maka ita a tsanake, domin a cikinta za ka ji yadda aka yi filin ya zauna. Ka san halina, in na kama alli ba na saurin ajiyewa. Ka daure ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake tsakiya kamar yadda kake yi wa darasin lissafi lokacin da kake hannuna.

Lotisma shi ne hukuma ta ɗauki daji ko gonaki ta yanka su, ta fitar da hanyoyi, ta ba kowane yanki lamba. Kowane yanki kuma shi ake kira parsel. Takardar da aka ba ka, wadda ake ce wa akt, ba ta ce fili ya zama naka har abada ba. Cewa ta yi an ba ka bisa sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne abin da suka rubuta mise en valeur, wato raya fili: cikin shekarun da aka ɗibar maka sai ka karɓi permi, izinin gini ke nan, ka tayar da ginin da suka yarda da shi. Bukka ba gini ba ce a wurinsu, zana ba katanga ba ce. A unguwar da aka yanka ma ba a son ganin ɗakin ciyawa sam, wai saboda gobara. Saura kalma ɗaya, born. Ɗan turken siminti ne, bai fi kamu ɗaya ba, da lamba a kansa, ana binne shi a kowace kusurwar fili. Huɗu ne, su ne iyakarka, kuma tumɓuke su laifi ne da ake kama mutum a kai. Wannan kalmar ka riƙe ta.

A watan Fabrairu Baba Alu ya sauka Yamai. Ban faɗa maka ba a lokacin, don kada hankalinka ya tashi. A saman motar albasa suka zo daga Tawa, shi da matarsa Inna Kande, da Zeinabu matar ɗansa Ɗanjuma, da 'ya'yanta biyu, da akuya ɗaya. Shanu sun ƙare, rumbu ko ɓera ba ya shiga. Ɗanjuma ya tafi cin rani Najeriya, aka rufe iyaka, ba labarinsa. Wallahi da na ga Baba Alu a tasha sai da na wuce shi, muryarsa ce ta dawo da ni. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, wanda ya ɗora ni a jaki ya yi yini guda yana tafiya a ƙasa har ya kai ni lakwal in yi karatun boko, shi ne ya koma kamar kara cikin riga. Gidana ka san shi, ɗaki biyu ne na hukuma a cikin harabar lakwal, an hana sauke baƙi. Sai na kai su filinka ba tare da na tambaye ka ba, don na san ba za ka hana ba. Muka kafa bukka biyu, muka kewaye da zana. Na san doka ta hana, amma na ce wa zai ƙetare gada don ya duba bukkar tsoho.

Na zauna na yi musu bayani dalla-dalla. Na nuna musu inda za su ɗebo ruwa, inda za su haƙa masai, irin amsar da za su ba wanda ya tambaye su. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, born. Shekara ashirin da biyu ina koyar da 'ya'yan mutane, darasin da ya kamata in yi wa gidanmu shi na manta.

Filinka rairayi ne zalla. Mu da muka tashi a Adar, inda dutse ke fasa mana yatsu kullum, ba za mu kawo a ranmu cewa mace za ta rasa duwatsun murhu ba. Inna Kande ta ce ba ta taɓa ganin matsiyaciyar ƙasa irin wannan ba, wadda ko dutse ba ta da shi. Ita da Zeinabu suka zaga, suka ga turakun nan sun ɗan leƙo daga ƙasa, suka sa hauya suka tono uku. Na huɗun ya tsira ne don a jikinsa aka ɗaure akuya. Daga baya Zeinabu ta gaya mini Inna har yabon mutanen birni ta yi, ta ce suna da hankali da suke zuba duwatsu masu tsawo ɗaya su bar wa baƙo, tukunya ta zauna daram ba ta karkata. Ni kuwa duk Lahadi ina zuwa. Na zauna gab da murhun nan na ci tuwon jar dawar taimako sau nawa, Inna tana yi mini tsiya wai mushe guda, malamin lakwal, ba ya iya lomar kirki, ban taɓa duba ƙarƙashin tukunya ba.

Maƙwabcinka na gabas, Alhaji Oumarou, ya samu permi a watan jiya, ya kawo magina su ja igiyar katanga, aka nemi born ɗin da ke tsakaninku aka rasa. Ya kira mai awon filaye. Mai awo ya zo da sojoji biyu, bai daɗe yana nema ba ya hango lamba a ƙarƙashin tukunyar Inna, wuta na ci. Ɗaya daga cikin sojojin ya sa takalmi ya kifar da tukunyar, abincin yinin ya tafi cikin rairayi, jikokin suna kallo. Sannan suka ce maigidan ya kwaso kayan hukuma ya sa a mota. Baba Alu ya nemi a bari su huce, suka ce ba su zo jira ba. Da hannu ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Suka tafi da shi, ya kwana biyu a tsare.

Da na je ofishin filaye da takardar wakilcin da ka bar mini, wa zan tarar a kan kujera sai Mahamadou, ɗalibina na lakwal ɗin da aka fara tura ni, yaron da na kama hannunsa na koya masa riƙe alƙalami. Ya miƙe tsaye ya gaishe ni, yana ta kirana mushe. Na ji sanyi a raina, na ce Allah ya kawo sauƙi. A kusurwar ɗakin akwai wani soja mai galo biyu a kafaɗa a zaune, yana sakace da tsinken ashana, bai amsa sallamata ba. Mahamadou ya ajiye takarda biyu a gabana. Ta farko ta ce da izinin mai fili mutanen nan suka zauna. In na sa mata hannu, mai fili ya karya sharaɗi, za a soke akt a ba wani filin, kuma za a aika wa ma'aikatarmu cewa ga wani ma'aikacin hukuma yana ɓoye mutanen da aka ce su koma garuruwansu. Ta biyu ta ce shigowa suka yi ba da sanin kowa ba. Suna da suna a doka, occupants sans titre, mazauna marasa takarda. In na sa wa wannan hannu, fili ya zauna, a mai da born, a saki tsoho, a sa su a motocin da ke mai da mutane ƙauye. Ya rage murya ya ce don darajata ya shirya ta biyun, ba kowa ake ba zaɓi ba, kuma in yi sauri kafin na kusurwa ya gaji da zama.

Ɗan'azumi, na tuna shekara tara da ka yi kana tura amalanke a kasuwar Abijan kafin ka samu filin nan, na tuna ka rubuto cewa ko me za a yi kada ya kuɓuce. Da na so, da na ce maka dominka na sa hannu, kuma da ka yarda. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Na tuna abokin aikina da aka ɗauke daga cikin aji bara, har yau ba a ce ga laifinsa ba. Na tuna ɗakuna biyun nan da jarrabawar Balki. Tsoro na ji. Na sa wa ta biyu hannu.

Ashe da saura. Ƙa'ida ita ce a karanta wa mai laifi takardar da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Aka shigo da Baba Alu, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Mahamadou Bazabarme ne, Hausarsa ta sayen goro ce kawai. Sai na kusurwa ya yi magana karo na farko, ya ce ai ga malami nan, ya fassara. Na tashi tsaye kamar a aji, na karanta wa ƙanin mahaifinmu da Hausa cewa ni Harouna, wakilin mai fili, ban san mutanen nan ba, ban taɓa ba su izini ba, ban san ranar da suka shigo ba. Ban rage kalma ko ɗaya ba, don ban san iyakar Hausar sojan ba. Baba Alu ya sunkuyar da kai yana saurare kamar mai jin huɗuba. Da na gama ya ɗago, bai dube ni ba, ya dubi sojan ya ce gaskiya ne, shi bai taɓa ganin malamin nan ba, amma dai ya iya karatu, wanda ya kai shi lakwal bai yi asara ba. Aka kama babban yatsansa aka danna a tawada, fatar ta saluɓe, zanen bai fito ba. Sai da aka gwada sau uku, sojan yana dariya yana cewa ko yatsan ma ba shi da takarda.

Ranar Alhamis da safe aka ture bukkokin aka cinna musu wuta. Mai awo ya dawo da born ɗin uku. Kafin ya binne su Inna Kande ta roƙe shi ya ɗan dakata, ta durƙusa tana goge su da toka da rairayi, hayaƙin ya riga ya shiga siminti, ya ƙi fita. Ba ta san abin da ya faru a ofis ba, Baba Alu bai gaya mata ba. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka wai ni na fito da shi. Ta ce in ba ka haƙuri, ba ta san duwatsun naka ba ne, da ba ta ɓata maka su ba. Akuyar ta bar wa Halimatou, don an ce ba a hawa da dabba. Na kawo buhun hatsi, Zeinabu ta karɓa. Na je gindin motar na durƙusa na gai da Baba Alu. Tun ina yaro Haro yake kirana, ka sani. Ran nan malam ya ce mini, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙon da ya nuna maka hanya, ya hau. An mai da su garin da suka baro don babu abin ci, kuma har yanzu babu.

To, filinka yana nan, born huɗu cif, uku baƙaƙe. Wa'adin raya shi zai cika ƙarshen baɗi, sai ka nemi permi da wuri, ana bukatar zanen gidan da kwafin akt. Takardar wakilcin ga ta nan cikin ambulan, na mayar maka. Ka nemi wani ko ka zo da kanka, ni na gama sa hannu a kan filin nan. In an yi hutu zan tafi gida da abin da na samu na hatsi, ban sani ba ko zai bari in zauna a tabarmarsa.

Halimatou tana gaishe ka da Ramatou, Balki tana gai da 'yan biyu, ta ce a aiko mata hotonsu. Ka gai da Amadou maigidanka da duk mutanen Adar da ke tare da ku. Roƙona ɗaya gare ka, ka rubuta wa Baba Alu. Ka rubuta da ajami, liman zai karanta masa, kada ka yi da boko, ya ji wanda ya ishe shi daga bakina. A ƙarshen takardar, wajen masu gaisuwa, ka sa sunana. Ka rubuta Haro. In daga gare ka ta fito, wataƙila ya amsa.

Allah ya ba mu damina, ya yafe mana.

Ni ne yayanka,
Harouna