Yayana ya daina cin abinci saboda jirgin katakon da muka ƙera

Daga inbox. Mai saƙon ya nemi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Ni ba mai yawan magana ba ne, jikata ce ta saka ni a group ɗin nan, na daɗe ina karanta damuwar mutane ban taɓa tofa komai ba. Yau abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, sai na koma baya sosai kafin ku gane inda matsalar take.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya doshi shekara tamanin, ya daina cin abinci. Likita ya duba, ya ce maƙogwaronsa lafiya, cikinsa lafiya, shi ne kawai ba ya so. Ni na san dalili, matarsa ma ta sani, dalilin kuwa yana can cikin shekarun saba'in, lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa a ƙasarmu ta Kura.

A lokacin ina ɗalibi a makarantar kwana a Kano, siriri, mai kunya, in ba littafi ba babu abin da na iya riƙewa. Yaya kuwa kafinta ne, yana aiki da masu gina kanal, shi ke haɗa allunan da ake zuba kankare a ciki. Ƙato ne na gaske, malmala uku yake tashi da ita ya kora da fura, in ya yi dariya sai an jiyo shi daga masallaci. Bai yi boko ba, amma bai taɓa raina karatuna ba, Malam Lissafi yake ce mini tun ina firamare.

Wata shekara tsuntsayen jan-baki suka addabi gonaki, aka kawo wani ƙaramin jirgin sama yana feshi. Ran nan ya sauka a kan hanyar jar ƙasa da ke gefen babbar kanal, gari ya fashe aka je kallo. Yaya ya zagaya shi ya sake zagayawa, da muka kamo hanyar gida ya ce, "Ashe abin bai fi amalanke biyu ba." Ni kuma da neman in nuna na yi karatu na ce ai na gani a wani littafi a laburaren makaranta, jiragen farko da katako da yadi aka yi su. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Katako?" Na ce katako. Ya ce, "Irin wanda nake gogewa kullum?" Daga nan komai ya fara.

Duk hutu sai in dawo da zanen da na kwafo, in karanta masa Turancin in fassara, shi kuma ya mayar da shi itace. A tsohuwar rumfar harawa ta bayan gidanmu muka yi aikin. Farin katako marar nauyi ya yi gangar jiki da haƙarƙarin fukafukai da shi, muka ɗame su da yadin akoko muka shafe da fenti, wani bakanike abokinsa ya haɗa mana injin wata tsohuwar ƙaramar mota. Farfelar kuwa da maɗaci ya sassaƙa ta, ya daɗe yana gogarta, yana ɗora ta a kan ƙusa yana dubawa ko wani ɓari ya rinjayi wani. Ranar da muka fara tayar da injin mun ɗaure jelar jirgin a jikin ɗorawa, iskar ta kwashe shanyar Inna gaba ɗaya ta watsa kaji, igiyar ta miƙe kamar za ta tsinke. Yaya yana ihu yana dukan kafaɗata, "Yana son tafiya, Malam Lissafi, wallahi yana son tafiya!"

Sai maganar nauyi. Na zauna na auna faɗin fukafukai, na kimanta ƙarfin injin, muka ɗora sassan a sikeli, na bi yadda littafin ya nuna, na maimaita har na gaji. Abin da ya fito shi ne duk wanda zai shiga kada ya wuce kilo saba'in. Muka je rumfar da ake awon alkama Yaya ya hau sikeli, ya haura ɗari. Mai awon ya ce, "Wannan buhun ko kyauta aka ba ni ba mai ɗora mini shi a mota." Kowa ya yi dariya har da Yaya. Ni ban kai sittin ba, a hanya na ce masa a hankali ko ni zan shiga. Ya ce, "Ni na ɗaure shi, in zai faɗo da ni zai faɗo. Kai dai riƙe mini lambar nan." Daga ranar ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ya bar fura, malmala uku ta koma rabi, ya jingine kekensa yana tafiya wurin aiki a ƙasa.

Abin da ni da shi ba mu saka a lissafi ba shi ne Yaya ango ne. Ladi, yarinyar Bunkure, ko shekara ba ta rufa a gidanmu ba. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a wurinmu a lokacin jikin ango shi ne shaidar amarya. In ya yi kumatu wuyansa ya cika, mata su ce mata sannu da aiki, danginta su ɗaga kai. In ya rame kuwa ba wanda zai tambaye shi, ita za a kalla. Wata ya bi wata Yaya yana zubewa, mazagin wandonsa yana ƙara tsawo, kwano yana dawowa ɗakin Ladi a rufe kamar yadda ya fita. A bakin kanal wurin wanki aka fara, wasu su ce ba ta iya miya ba, wasu su ce ba ya ƙaunarta ne, wasu su ce wani abu ta zuba masa. Ta canza miya, ta aika gida aka kawo mata daddawa da dakan yaji, duk a banza. Yaya ya yi mata bayanin jirgi da kilo saba'in, ta ce ita ta yarda, amma wa zai yarda da ita? Da ta gwada faɗa wa matan sai abin ya zama sabon abin dariya, in ta wuce a ce ga matar direban sama.

Ƙarshe gwaggonta ta zo daga Bunkure ta zauna a ɗakin Inna, ta ce in girkin 'yarsu ba ya ciwuwa a ba su abarsu, ba su kawo ta don a mayar da ita abin nuni ba. A makon nan ne sikeli ya nuna saura kilo huɗu. Inna ta sa aka kira Yaya, ta ajiye masa tuwon Ladi a gaba, ta ce ba za ta ƙara sa komai a bakinta ba sai ya cinye, kuma in ya taɓa shiga abin nan ba ta yafe ba, tana raye ko ba ta raye. Ina rakuɓe a bakin ƙofa. Yaya ya wanke hannu ya cinye tas kansa a sunkuye. Washegari muka kwance fukafukan muka rataye su a rumfa.

Bai ƙara tayar da maganar ba, shekara kusan hamsin. Jikinsa ya dawo, suka haifi 'ya'ya, suka zauna lafiya da Ladi, wadda yanzu kowa Hajiya yake ce mata. Ko da ya je Makka a jirgi ya dawo, na tambaye shi yaya sama, cewa ya yi kawai tagar ta yi ƙanƙanta. Jirginmu kuwa gara ta shige shi tun tuni, injin an sayar wa 'yan gwangwan, da aka zo bikin wata jikarsa mata suka ƙare ragowar katakon a murhu. Yana nan da hankalinsa a lokacin, ya ga ana fitar da su, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Farfelar kaɗai ta tsira don gara ba ta cin maɗaci, na ɗauke ta na kai gidana.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya farfaɗo, amma tunaninsa ya fara rikicewa. Sannu a hankali ya koma waccan shekarar ya zauna. Hajiya amarya yake ce mata, 'ya'yansa wani lokaci ya gane su wani lokaci ya ɗauka abokan aikinsa ne. Ni dai bai taɓa ɓata ni ba, ina shiga zai ce, "Malam Lissafi, nawa ya rage?" Da fari mun ɗauka magana ce kawai, sai muka ga ya fara ture kwano. Koko cokali biyu, ruwa, shi ke nan. In an matsa masa ya ce a bari ya sauko daga sama tukuna, ya kusa. Mutumin da ya haura kilo ɗari yanzu ɗansa ke ɗaukarsa kamar yaro, da aka auna shi a asibiti ko hamsin bai kai ba. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an saka masa robar abinci ta hanci, an gwada sau ɗaya ya fizge ta, an ce sai dai a ɗaure masa hannu.

Kowa ya ce masa ya kai, ba ya ji. Cewa yake, "Ku ba ku san lissafi ba, ku kira mini ƙanina, shi ba ya ƙarya." To a nan na maƙale. In na ce masa ya kai, gaskiya na faɗa, amma na san abin da zai biyo baya, zai ce a fito da jirgi a kai shi bakin kanal, jirgi kuwa ya zama toka. In na ce bai kai ba, na ƙara masa yunwa da bakina. Abin da nake ta ce masa shi ne saura kaɗan, kuma na san wannan ma kashe shi yake yi a hankali.

Gidan ya rabu a kan maganar. Babban ɗansa ya ce a faɗa masa gaskiya gaba ɗaya, cewa shekaru sun wuce kuma jirgi babu, ya ce ba zai yarda a yi wasa da hankalin mahaifinsa a ƙarshen rayuwarsa ba. Ni kuma ina tsoron ranar da ya ji haka daga bakina ba zai ƙara neman komai a duniya ba, don yanzu jirgin nan ne kaɗai ke sa shi buɗe ido da safe. Wani jikansa da ya gaji kafinta ya ce in ba shi farfelar da zane, zai haɗa gangar jiki da katakon filawud, a kai Yaya bakin kanal a zaunar da shi a ciki a ɗan tura shi, in ya sauko sai a ba shi abinci. Har an yi cacar baki tsakaninsa da babansa, uban ya ce yara za su ɗauka a waya a mayar da tsohon abin dariya a duniya, kamar yadda aka yi wa uwarsu a bakin kanal. Ni damuwata ma ta fi haka, Yaya hannunsa bai manta ba, har yanzu in ya shafa ƙafar gado yana gane aikin ƙwarai da na banza. In ya shafa ya ji ba nasa ba ne, ya juyo ya kalle ni, ban san inda zan sa fuskata ba. Ga kuma maganar Inna, Allah ya ji ƙanta, da ta ce ko ba ta raye ba ta yafe ba. Ban sani ba ko furucinta ya hau kan abin da ba shi ne ainihin jirgin ba, kuma ba zai tashi ba.

Hajiya ba ta shiga gardamar ba sai shekaranjiya. Na same ta a tsakar gida tana rufe kwanon tuwo da miyar kuka da ya dawo ba a taɓa ba, irin rufewar da na sani tun tana amarya. Da can tana tsokanata da mijina ƙarami, ranar ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, wancan karon kunyar mutane nake ji, yanzu ba ruwana da abin da za a ce, ya ci kawai. Kai ka ba shi lambar nan, ba zai mayar wa kowa ba sai kai. Ka je ka karɓi abarka." Ta faɗa ba da faɗa ba, ta shige ɗaki.

Jiya na ɗauko farfelar na kai masa. Ya rungume ta da hannunsa mai lafiya, ya bi bakinta da yatsa tun daga tushe har ƙarshe, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya ce in gaya wa amarya ta yi haƙuri, kwana kaɗan ya rage, in ya sauko malmala uku zai ci a gaban duk matan garin. Sannan ya tambaye ni nawa ya rage. Na ce masa gobe zan duba lissafin.

Jama'a, goben ta zo. Don Allah masu ilimin addini ku gaya mini matsayin maganar Inna, masu jinyar tsofaffi ku gaya mini abin da kuka gani. In faɗa masa jirgi ya ƙone, ko in bar jikansa ya haɗa na filawud in tsaya a gefe in ce masa nasa ne? Kafin ciwon nan ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ya sa ni kaɗai yake jira. An jima zan shiga ɗakinsa, Hajiya ta riga ta ɗora tukunya. Me zan ce masa?