Kafin In Kawo Jatau Kwata

Zuwa ga Sarkin Fawan kasuwarmu ta bakin iyaka,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da dukan mahautan da ke ƙarƙashinka, har da waɗanda zan yi ƙorafi a kansu. Sunana Umaru, manomi ne ni daga Geza. Ba lallai ka riƙe sunan ba, amma za ka tuna mai gemun da ya durƙusa yana kuka a kwatarka saboda sa, mutane suna dariya. To, ni ne.

Na rubuto a fili ne don yabon gwani ya zama dole, kuma don abin da zan roƙa ba nawa ne ni kaɗai ba.

Na farko, yadda na zo wurinka. Ina da shanun huɗa biyu, Duna da Jatau. Tun suna ƙanana na sayo su a Lolo, ni na koya musu karkiya, su kuma suka ciyar da gidana shekara da shekaru. Bara tsufa ya kama Duna, haƙora suka zube, kafin ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya yana haki. Malamin dabbobi ya ba ni shawara in rabu da shi kafin ya zama mushe. Na sayar, amma Duna ya ƙi bin kowa. Aka ja, aka tura, yana tsaye kamar an dasa shi. Dillali ya roƙe ni in raka shi, ni kuwa na yi gaba, ya biyo ni ba ko igiya har ƙofar kwata. Da ƙafata na kai shi, kuma wannan ne ke hana ni sakewa har yau.

Na biyu, abin da idona ya gani. Da Duna ya shaƙi ƙarnin jini sai ya toge. Ina jiran a kawo igiya a ɗaure ƙafafu a kayar da shi kamar yadda muka taso muka gani, sai ga wani mahauci da guduma. Daga baya na ji wai a waya mahautan suka ga manyan mayanka na wasu ƙasashe suna sumar da dabba kafin yanka, shi ne suka ce su ma ba a bar su a baya ba. Sun ga aikin, ba su ga kayan aikin ba. Mahaucin ya ɗaga gudumar ya sauke tsakanin ƙahonnin. Duna bai suma ba. Ya ƙara masa bugu, ƙaho ɗaya ya fashe, jini ya rufe masa ido. Dabbar da jikana ke hawa bayanta ta haukace, ta yi kan mutane, sai wani ya zagaya da adda ya sare mata agara, jijiyar nan ta bayan ƙafa.

Ban san lokacin da na kira sunansa ba. Ya ji. Ya juyo yana jan ƙafafun baya a ƙasa, yana neman inda muryata take, kamar kullum idan na kira shi zuwa gona. Ranka ya daɗe, na binne iyaye, na ga ambaliya ta cinye shinkafata, amma ban taɓa jin na ci amanar wata halitta kamar ranar ba.

Na uku, godiyata, wadda ita ce ainihin wasiƙar. A lokacin ka iso. Ba ka tsaya tambayar wa ya yi ba, ka fizge gudumar ka jefa ta bayan katanga. Ka ce in zo in riƙe kansa in riƙa yi masa magana, tunda ni ya sani. Ka cire ƙyallen da ke kafaɗarka ka rufe masa ido. Ka koma gefe inda ba ya gani ka wasa wuƙa da kanka, ka sa aka daidaita shi alƙibla, ka ambaci sunan Allah, ka ja sau ɗaya. Shi ke nan, Duna ya huta, kansa yana bisa cinyata.

Ba a nan ka tsaya ba. Masu dariya ka dube su, dariya ta mutu. Ka zaunar da ni a inuwa, ka ba ni ruwa na wanke hannu da fuska, ka sa mai babur ya kai ni gida. Mu manoma mun saba tsokanar ku, mu ce mahauci in ya dubi saniya tsoka kawai yake gani. Daga ranar na daina wannan wasa, ko da yake abokina mai tsire har yanzu yana tambayata ko ya kawo min zanen makoki. Allah ya saka maka da alheri, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min.

Na huɗu, abin da ya rage. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na sami labari daga maƙwabtana da ke kai dabbobi cewa wani ya tsallaka katangar nan ya ɗauko gudumar. In kana nan, igiya ake amfani da ita. In ka tafi ƙauye sayen shanu, guduma ta fito. Ban ce miyagu ba ne, gaggawa ce da rashin hannuwa, ga masu saye tsaye a kansu ranar kasuwa. Amma ka fi ni sanin cewa in dabba ta mutu da bugu kafin wuƙa ta kai, mushe ne za a ɗora a faifai. Naman nan mu ke ci, da 'yan uwanmu Dandawa, da fataken da ke tsallako iyaka daga Benin, duk bisa yarda da kai. Malamai sun sha faɗa mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Kai ka nuna min haka a aikace, saura ya zama dokar wuri, ba sa'ar wanda ya tarar da kai ba.

Don haka ina roƙo. A hana guduma da sare agara a kwata baki ɗaya, kana nan ko ba ka nan. Dattawan mahauta su koya wa na baya kayar da sa da igiya, tun masu iyawa ba su ƙare ba. A kafa ko da zana ce tsakanin wurin jira da wurin yanka, kada dabba ta tsaya tana kallon ɗan uwanta. A ajiye musu ruwa, wasu tun daga rugage masu nisa aka koro su. Kuma wanda ya kawo dabbar da ya rena, in yana so, a bar shi ya riƙe kanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na rubuto yanzu. Jatau ma ya tsufa. Tun da Duna ya tafi, in na ɗauko karkiya sai ya tsaya a gefensa na hagu ya bar wurin dama, yana waiwaye. Ba zai kai wata damina ba. In na bar shi ya mutu a turke, na rasa abin da zan haɗa in sayi wasu, gidana kuwa da huɗa yake ci. In na kawo shi ranar da ba ka nan, ban san abin da zan tarar ba. Uwargidana ta ce in ba zan iya ba in aika ƙanena, amma Jatau ba zai bi shi ba. Ni zai bi.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a wuƙarka da zuriyarka, ya tausaya maka ranar da kowa ke neman tausayi. Bayan an gama girbi zan kamo hanya, Jatau yana bayana ba igiya. Ina roƙonka don Allah, ka sa kada in yi nadamar kiran sunansa.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Umaru manomi, Geza, ƙaramar hukumar Bagudo.