Sikelin Inna Balaraba

Kawo, Kaduna

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Zariya, yaya ƙafar taki? Ki ce wa ɗanki Fahad ƙadangaren robana yana nan yana jiran aljihunsa.

Yaya, gyara zama ki ji. Kin san kamfanin ruwan ledan da nake wa aiki a Mando yana da rumfa bayan tashar Kawo, inda mata ke kawo ledojin da suka tsinto, mu saya a kai a narka. Ni ne mai karɓa. Duk shekara kamfani yakan buga rahoto mai ƙyalli na yadda yake kula da gari da jama'a, a sa hoton matan nan suna dariya da buhunansu. Ganin dama ne, ba wanda ya tilasta, don dai banki da abokan hulɗa su yaba.

To yanzu sabuwar ƙa'ida ta zo daga sama. Anti Fatima, wadda aka ɗauka ta haɗa tsohon rahoto da sabo su zama bakinsu ɗaya, ta ce hoto ya daina aiki. Duk abin da aka rubuta sai an auna shi da kilo, kuma mai bincike zai zo daga waje ya gani da idonsa. Mu kuwa buhu muka sani, wani a danne da ƙafa, wani rabinsa iska. Manajanmu Alhaji Datti ya ce abin da ba ya aunuwa ba zai shiga rahoto ba, abin da bai shiga ba kuwa ba dalilin ɗawainiya da shi. Wato a rufe rumfa.

Na ce a ba ni sikeli. Har direbobi suka yi dariya, wai Sharhabil da aikin hankali! Su kuma matan sun ce sikeli ƙarfen 'yan boko ne na cuta, buhu kuwa ido na gani. Shugabarsu Inna Balaraba, wadda da tsintar nan take riƙe jikokinta, ita ce kan gaba. Amma da yardar Allah sai na shawo kansu. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki mai jin magana wani lokaci,
Sharhabil

Kawo, Kaduna

Yaya Bara'atu,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin, yaya yara? Ni dai lafiyata ƙalau, kunya ce kawai ke damuna.

Dabarar da na yi mai kyau ce, ko ke za ki yaba. Inna Balaraba na zuwa asibiti duk wata saboda hawan jini, can ake auna ta, ta san nauyinta. Na ce ta hau sikelinmu, in ya yi daidai da na asibiti su yarda. Ta amince. Ta cire takalmi, ta yi bisimilla ta hau, mata suka kewaye mu.

Yaya, ban san lokacin da ƙafata ta tafi ba. Na ɗora babban yatsa a gefen sikelin ta baya, na danna. Allura ta zabura, na ɗaga murya na ce Inna ta kai nauyin san layya. Aka fashe da dariya, har ita kanta. Sai jikarta ta nuna ƙafata.

Dariya ta ɗauke. Inna ta sauko a hankali, ta ce ga abin da suke faɗa nan, in a gabansu na yi haka da wasa, me zan yi wa buhunsu? Ta tambaye ni ko Malam bai biya mini surar masu tauye mudu ba. Ni da na rubuta ta a allo har na wanke na sha! Tun ranar ba wadda ta leƙo rumfa.

Anti Fatima ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ta bar gurbin rumfarmu a buɗe a rahoto, kuma mai bincike na nan tafe bayan Sallah. Kada ki ɓata bakinki, na riga na yi wa kaina faɗan. Ni na ɓata, ni zan gyara, rumfar nan ba za ta rufu saboda yatsana ba.

Naki,
Sharhabil

Kawo, Kaduna

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan kun yi ta lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi.

Na yi ta sintiri gidan Inna da goro, tana barina a zaure ni da akuyarta. Ranar da ta fito ban rantse mata ba, don na san rantsuwata ba ta da kasuwa. Na ce ta karɓi sikelin gaba ɗaya. Lambobi ai ta iya su, tana buga waya.

Ta karɓa, amma da sharaɗi. Ta ja layi da gawayi a ƙasan rumfa, ta ce duk mai wando ya tsaya bayansa. Ita ke ɗora buhu, ita ke karanta allura da ƙarfi kowa ya ji, ni kuma ina can nesa ina rubutawa. Leda mai ruwa ma ita ke mayar da ita a shanya, abin da ni ban isa in faɗa ba.

Jiya mai binciken ya zo, Malam Abdullahi, da tabarau. Ya nufi sikeli zai leƙa, Inna ta tare shi da sanda ta nuna masa layi. Ya tambayi dalili, Inna ta kwashe labarin yatsana kaf, tana nuna ni. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce abin da yake nema ke nan, mai awo daban, mai rubutu daban. Ya duba aikinmu daga bayan layin.

Rumfa ta shiga rahoto, Yaya, har da bayanin layin. Alhaji Datti ya sa a maimaita layin da fenti, kuma ni aka ba gwangwanin.

Ki turo Fahad hutu a auna shi. Kada ki ji komai, ni daga nesa zan tsaya.

Ƙanenki na bayan layi,
Sharhabil