Ƙarfen da Zakiyya Ta Ɗaga

Jahun, Jihar Jigawa

Zuwa ga Yayana Alhaji Gwadabe, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan sana'arka na kasuwar shanu. Allah ya ƙara lafiya da buɗi, ya kare ku a wannan nisa. Mu nan kowa ƙalau. Inna ta samu sauƙin gwiwarta, har tana fita barka da ƙafarta. An yanke gero, ya yi kyau, sai dai riɗin gonar gabas ruwa ya ci rabinsa.

Yaya, na ba direba Modibbo wannan takarda ne don ranar da muka yi waya ba ka bar ni na kai ƙarshe ba. Ina ambatar ƙarfe ka ce a bar maganar. To ka daure ka karanta, in ka gama sai ka yanke hukunci, 'yarka ce.

Ka san tun da shan inna ya kama Zakiyya tana ƙarama, mahaifiyarta kuma ta rasu, a ɗakina ta tashi. Ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba. Ta yi ɗinkin hularta, ta ja mana ruwa, ta yi shiru. A ƙarshen daminar bara, lokacin gasar masu buƙata ta musamman da aka yi a Faris, maƙwabciyarmu Bintu ta shigo da waya tana cewa mu zo mu ga 'yan Najeriya. Muka ga an turo wata mata a keke, aka kwantar da ita a benci, aka ɗaure mata ƙafafu, ta ɗaga ƙarfen da ƙato biyu za su yi nishi kafin su motsa. Sai ga tutarmu tana hawa, ana taken ƙasa. Bintu ta ce lambobi bakwai ƙasarmu ta samo, biyu na zinare, kuma zinaren duka mata ne suka ci. Ni hoton nake kallo, ashe Zakiyya ƙafafun matar take kallo. Ta matso ta ce mini a hankali, wai in duba da kyau, irin nata ne sak. Ta roƙi a maimaita mata har cajin wayar ya ƙare.

Bayan kwana biyu na same ta kwance a kan tabarma tana ɗaga taɓarya. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Da Malam Yahuza mai walda ya ji labari, ya haɗa mata sandar ƙarfe da gwangwani biyu cike da siminti. Tun daga nan, kullum in ta idar da sallar asuba sai ta ɗaga kafin ta taɓa allura. Ta ƙara cin abinci, ta fara hira, har waƙa nake ji tana yi in tana wanke-wanke.

Watan jiya muka ji a rediyo cewa za a gwada masu sha'awar irin wannan wasa a Dutse. Na san ban nemi izininka ba, amma na ce gara in je in gani da idona kafin in kawo maka magana. Aka ɗaure kekenta a bayan mota muka tafi. Mai horar da matan, Malama Karima, ita ma da sanda take tafiya, kuma matar aure ce da 'ya'yanta. Ɗagawar farko da Zakiyya ta yi, ƙarfen ya karkace, aka yi maza aka tare. Na ga idon Zakiyya ya kawo ruwa, na ce mu tafi gida hakanan. Ta ce a'a, a bar ta ta huta. Malamar ta gyara mata riƙo, ta nuna mata yadda za ta ja numfashi. Yaya, da ta sake kwanciya, ƙarfen nan ya tashi sarai har hannuwanta suka miƙe. Wurin ya ɗauki tafi. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina guɗa a gaban mutane, da girmana.

Malama Karima ba ta yi mana alkawarin Faris ko zinare ba. Ta ce akwai ƙarfi, saura horo, kuma hanyar doguwa ce. Abin da take so shi ne Zakiyya ta riƙa zuwa horo a Dutse tare da sauran mata. Masauki ba matsala, ƙanwarmu Bilki da ke zaune a can ta ce ɗakinta a buɗe yake.

Ka ce a waya ba ka so a mai da 'yarka abin kallo. Na fahimce ka, don na san irin kallon da kake tsoro. Shi ake yi mata a kasuwa tun tana yarinya, wasu har su miƙo mata sadaka ba ta roƙa ba, ta dawo gida ta ƙi cin tuwo. Kallon da na ga an yi mata a Dutse daban ne, ban taɓa ganin an yi mata irinsa ba. Batun sutura kuma, na tambaya, an ce za ta sa kayan da suka rufe mata jiki har da ɗankwalinta.

Zakiyya dai ta ce ba za ta sake taka Dutse ba sai da albarkarka, in ka hana ta haƙura. Na san da gaske take, shi ya sa nake roƙonka. Ka kira ta da kanka, ka ji muryarta in tana ba ka labarin. Inna, wadda da farko ta fi kowa faɗa, jiya ita ta aika aka sayo yadin da za a ɗinka mata kayan horo. Ta ce in gaya maka ita ta riga ta sa albarka, kuma ka tuna ita ta haife ka.

Ka gaishe da Zuhair da maiɗakinsa Ni'imatullahi, da duk 'yan Jahun da ke can. Inna da Bilki da Malam Yahuza suna gaishe ka. Zakiyya ta ce a gaishe da Baba da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Larai