Ɗoɗɗoya a Cikin Littafin Kanti

Padova, watan Nuwamba

Kakata Profira,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Toader da awakinsa? Mu lafiya lau. Mama tana nan tana jinyar tsohuwar da take yi wa aiki. Makaranta ma ba laifi, sai dai malama ta ce idan Italiyancina bai gyaru ba za a mayar da ni ajin ƙanana.

Shi ya sa in an tashi nake shiga babban kantin littattafai na bakin titi, in raɓe ina karanta wani littafi. Inda na tsaya sai in saka reshen ɗoɗɗoya, yadda kike yi wa littafin addu'arki. Jiya wani ma'aikaci ya zaro reshen a gaban mutane.

Ya ce, "Ke 'yar ƙauye, nan kanti ne ko lambun kakarki?"

Kaka, kin san ni, ko gaisuwa sai an matsa mini. Amma na ɗaga kai na ce, "Malam, me na ɓata? Ai littafin ma ya fi ƙamshi yanzu." Da Italiyanci na faɗa, ko tuntuɓe ban yi ba! Wata mata ta tuntsire da dariya.

Don Allah ki aiko mini da safar ulu, ɗakinmu akwai ɗan sanyi.

Mama ta ce baƙo ba ya ɗaga murya, kada in sake taka kantin littattafan. Gobe zan koma, Kaka. Babu mai zaunar da ni cikin ƙananan yara.

Allah ya bar mana ke.

Jikarki,
Sanda