Wata Takwas Ban Ci Jibi Ba

Diffa, 9 ga Maris, 1998

Inna,

Ina gaida ki cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki? Yaya su Marc? Ina lafiya, sai dai manyanmu a wurin aiki sun sake ƙin mayar da ni asibitin Maradi.

Wata takwas ban ci Jibin Ubangiji ba. Mu Kirista tara ne kawai a nan, fasto kuma sai ya zo daga Damagaram. Maƙwabciyata Kaka, musulma ce, ta ce, "Abigel, loma ɗaya kike wa hawaye?" Na ce mutuwar Almasihu muke tunawa, kuma masu cin gurasa ɗaya jiki ɗaya ne.

Inna, ran Lahadi in ƙoƙon Jibin ya iso gare ki a coci, ki ambaci sunana kafin ki miƙa gaba.

'Yarki,
Abigel