Inna Nas Tana Nan Da Ranta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tunawa da Ma'aikatan Jinya na Lokacin Yaƙi, Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne ga tsohuwar da duk Zango ke kira Inna Nas. Tana budurwa ta tafi jinyar sojoji a yaƙin basasa, ta dawo ta ci gaba da ɗaurin miki a zaurenmu har idonta ya yi rauni.

Na farko, daminar bara yaranka suka zo gidanmu da daɗin baki, suka karɓi farar hularta ta aiki da hotonta ɗaya tilo, wai aro ne, bayan bikin tunawar da za ku yi za su dawo da su. Tun sannan hankalina bai kwanta ba, amma tsohuwa ta yi murna, sai na bari suka tafi da su. Har yau ba hula, ba hoto.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai: a allon dutsen da kuka kafa, kun rubuta "marigayiya" gaban sunanta. Ranka ya daɗe, da safen nan ta sha kokonta! 'Yan'uwanmu sun taso tun daga Mai'adua da Kongolam suka zo mana ta'aziyya, ita da kanta ta amsa musu sallama. Ta yi dariya a gabansu. Da suka tafi ta yi kuka.

Aka ce mini kuskure ne. Ni kam ban yarda ba. Waɗanda suka zauna a tabarmarta ne za su manta tana raye? Zargina shi ne, mai rai yana tambaya, mamaci kuwa ba ya yi. Kun sanar da tallafin karatun jinya da sunanta, ga shi ba mu ga yarinya ko ɗaya daga Zango da ta samu ba. Su wa ke ci?

Roƙona: a goge kalmar nan, a dawo mata da hularta da hotonta, a kawo mata 'yan matan da ke karatu da sunanta ta dafa kansu ta sa musu albarka. Ba ta nemi komai ba bayan wannan.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon riƙe amana. Ku zo yanzu, don Allah, kafin abin da kuka rubuta a dutsen nan ya zama gaskiya.

Wassalam.

Ɗan Inna Nas, Zango.